Tambaya da Amsa: Kajina Sun Ƙi Karɓar Sabuwar Sagara

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina kiwon kajin gida guda shida da zakara ɗaya a Rigasa. Makon jiya na sayo sagara 'yar kimanin wata uku a kasuwa, na zuba ta cikin akurki tare da su, amma tun ranar ba su bar ta ta sakata ta wala ba. Sun tsattsage mata ƙeya har jini ya fito, yanzu kullum tana laɓe a bayan randa, ba ta zuwa wurin abinci sai sun watse. Shin in rabu da ita ne, ko akwai dabarar da za ta sa su saba?
Daga wata mai karatu, Rigasa, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba sai kin rabu da ita ba, amma ki raba ta da su yau ɗin nan, domin kaza idan ta ga jan jini a jikin 'yar'uwarta ba ta daina sara, sauran ma su taru a kai, har ta kai ga kisa. Ki wanke ciwon da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ki shafa mata shuɗin maganin nan na GV da ake samu a kemis, wanda yake busar da ciwo kuma yake ɓoye jan da ke jawo hankalinsu.

Sai dai abin da ya fi damuna a wasiƙarki ba saran ba ne, haɗa su da aka yi ranar da aka sayo ta ne. Kasuwa matattarar kaji ce daga garuruwa daban-daban, kuma kaza tana iya zuwa garau alhali tana ɗauke da cutar Newcastle, wadda masu kiwo ke kira fakat, domin cutar takan ɗauki kwana 2 zuwa 15 kafin ta bayyana, ta kuma fi yin ɓarna da hunturu. Mu mutanen Kaduna ba sai an ba mu labarin abin da baƙuwar cuta ke yi wa kaji ba, tun da a Jaji aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijeriya, a watan Fabrairun 2006. Ƙa'ida ita ce a keɓe sabuwar kaza mako uku zuwa wata guda, nesa da sauran, da kwanon abincinta da na ruwanta daban. Tun da an riga an haɗa su, ki sa ido a kan dukkansu: koren zawo, numfashi da baki buɗe, sakin fukafukai ko murɗewar wuya alamu ne da ke bukatar likitan dabbobi ba tare da ɓata lokaci ba. Idan kowa lafiya lau, a yi musu rigakafin cutar Newcastle, wato Lasota ko I-2, irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke haɗawa, a riƙa maimaitawa duk wata uku zuwa huɗu. Ki kuma ɗaga fukafukanta ki duba ƙarƙashinsu da gindin wutsiya, nan ƙuma da ƙwarƙwata suke taruwa.

Game da faɗan kuwa, ba mugunta ba ce. Kaji suna da tsarin girma a tsakaninsu, kowace ta san wadda za ta kauce wa a bakin kwano da wadda za ta kora, kuma baƙuwa daga ƙasa take farawa. Taki ta haɗa rauni biyu, ga ƙuruciya ga kaɗaici. A ganina ki jira ta kai wata huɗu zuwa huɗu da rabi, lokacin da jikinta ya kusa nasu. Jiran yana da wani amfanin: idan kina ba manyan abincin masu ƙwai na buhu, sinadarin kalsiyam da ke cikinsa ya yi wa ƙodar ƙaramar kaza yawa, abincin masu tasowa ya dace da ita.

Bayan ciwon ya warke kuma kwanakin keɓewa sun cika, ki sa ta a kejin waya a tsakar gida, inda za su riƙa ganinta ba tare da bakinsu ya kai gare ta ba, ki riƙa watsa musu tsaki ko dusa a gefen kejin domin su saba cin abinci kusa da ita. Za ki ga da farko suna zagaye kejin suna miƙa wuya, bayan kamar mako guda kuma ko kallo ba ta ishe su ba. A lokacin ne za ki sake ta da la'asar a fili, kina tsaye, ba a cikin akurki inda babu wurin gudu ba. Da dare ya yi sai ki ɗora ta kusa da su a wurin kwana, domin kaji ba sa gani sosai a duhu, ki kuma buɗe musu da sassafe kafin su fara huce haushi a kanta. Ki ajiye abinci da ruwa a wuri biyu masu nisa da juna, ki jingina wani katako ko tsohon kwando da za ta iya fakewa a bayansa.

Ɗan sara da kora na 'yan kwanaki ba abin damuwa ba ne, kada ki shiga tsakani sai an ga jini ko an hana ta ci. Sau da yawa kaza ɗaya ce uwar fitinar. Idan kin gane ta, ita za ki kulle kwana uku zuwa huɗu, domin kafin ta dawo tsarin ya sauya, ta shagala da neman matsayinta. Nan gaba kuma idan hali ya yi, ki sayo sagaru biyu tare, saran ya rabu a kansu, su kuma riƙa kwana jikin juna.