Amsa ga ɗan'uwan da burekarsa ta ƙi tashi

Salam ɗan'uwa. Ka ce tun daren jiya babbar burekar nan mai maɓallin gwaji na T ta faɗi, duk ka ɗaga sai ta sake faɗuwa, ka kashe kayan wuta duka amma shiru, kuma wani ya ce maka a cire ta kawai a jona kai tsaye. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don wannan maganar ta ƙarshe ita ta kusa raba ni da 'yata. Don girman Allah kar ka bari kowa ya cire ta.

Ni ma haka tawa ta fara, cikin dare bayan an tafka ruwa. Na ɗaga ya fi sau goma tana faɗuwa, yara na kuka, kayan firij na neman lalacewa, da gari ya waye na kira wani mai gyaran wuta da aka ce min ya iya aiki. Mutumin nan ya zo ba shi da komai sai tasta da filaya, ko ɗaki ɗaya bai leƙa ba, ko soket ɗaya bai buɗe ba, ya tsaya gaban akwatin bureka minti kaɗan ya ce wai irin wannan ta cika tsoro, ko iska ta kaɗa sai ta faɗi. Na shiga ciki ɗauko masa ruwa, kafin in fito wuta ta kawo. Har godiya na yi masa, har addu'a. Ashe zagaye ta ya yi da waya ta baya, ya bar ta a maƙale hannunta a sama kamar tana aiki, kuma bai faɗa min ba.

Bayan sati uku 'yata mai shekara 7 ta shiga banɗaki, ƙafarta ba takalmi, ƙasa a jiƙe, ta kama kan famfo. Ihun da ta yi har yau yana kunnena, ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irin wannan ƙarar ba. Hannunta ya maƙale ta kasa saki, uwarta ta zabura za ta rungumo ta, na daka mata tsawa na ruga na sauke babban makunni, ban san ya aka yi na isa wurin ba. Da na dawo yarinyar na kwance tana karkarwa, idonta a buɗe amma ta kasa magana. A asibiti suka yi mata gwajin zuciya suka riƙe mu har washegari, ni kuwa ina zaune a benci ina ta tambayar kaina me ya sa burekar ba ta faɗi ba. Alhamdulillah ta warke, amma ta yi wata biyu ba ta shiga banɗaki ita kaɗai. Shi kuwa mutumin kwana huɗu ina kira baya ɗagawa, ranar da ya ɗaga cewa ya yi ai ni na ce ina son wuta. Ko ya jikin yarinya bai ce ba. Na bar shi da Allah, amma raina bai daina ɓaci ba duk na tuna.

Mai gyaran da ya zo daga baya shi ya zaunar da ni ya min bayani. Wannan burekar ba ruwanta da yawan lodi, aikin ƙananan burekun ne wannan. Ita auna wutar da ta fita ta wayar layif take da wadda ta dawo ta wayar nutural, in ta ga bambanci to wuta na zuba wani wuri, ko ƙasa ko jikin mutum, sai ta yanke cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Duba jikinta za ka ga an rubuta 30mA, wato yawan wutar da in ta zube dole ta faɗi, kuma tun daga rabin hakan ma tana iya faɗuwa. Namu ƙarfen cikin hitar wanka ne ya tsage ruwa ya shiga, ga wayar at ɗin hitar, wadda ke kai wutar da ta zube cikin ƙasa, ta kwance. Gaskiya take faɗa mana tun daren farko.

Yanzu kai, ka ce ka kashe kaya. Kashewa ka yi ko zare filogi? Akwai bambanci sosai, don yawancin makunnin soket layif kawai yake yankewa, nutural na nan a haɗe, in nutural ɗin ce ke taɓa at to ko a kashe kayan yake za ta ci gaba da faɗuwa. Zare komai daga bango, har wanda ke bayan firij da injin wanki da ekstenshan ɗin ƙarƙashin gado da ake mantawa. Masu dumama ruwa ko zafi su ka fara zargi, hita, ketul, dutsen guga, kuka ta lantarki, sai injin jan ruwa da fitilun waje in an yi ruwa kwanan nan.

Kuma wasu in sun faɗi tsakiya suke tsayawa, sai ka danna ta ƙasa sosai har ka ji ƙas sannan ka ɗaga. Mutane da yawa a nan suke maƙalewa. Amma kar ka riƙe ta da ƙarfi a sama, kar ka ɗaure da salatif, kar ka yi ta ɗagawa sau goma kamar yadda na yi.

Sai ka sauke ƙananan burekun duka, ka ɗaga babbar ita kaɗai. In ta tsaya, ka riƙa ɗaga ƙananan ɗaya bayan ɗaya kana ɗan jira, wadda kana ɗagawa babbar ta faɗi to layin ke nan, bar shi a ƙasa sauran gida ya samu wuta. In layin soket ne ka mayar da kayan ɗaya ɗaya har mai laifin ya nuna kansa. Hannu a bushe, takalmi a ƙafa, kuma murfin akwatin da aka ɗaure da sukuru kar ka kwance shi, ko ka sauke komai wayar da ta shigo daga mita na da wuta.

In kuwa duk ƙananan na ƙasa, filogi duk a zare, ta ƙi tsayawa, to ka tsaya nan. Ko dai nutural ta haɗu da at a cikin bango, ɓera ya ci waya ko ƙusa ta huda ko danshi ya shiga, ko ita burekar ce ta mutu, wanda yana faruwa amma ba shi ake fara zargi ba. Wannan sai ƙwararre mai mega, na'urar da ke tura 500V ta auna lafiyar robar waya. Tun a waya ka tambaye shi ko yana da ita, in ya fara kame-kame ka nemi wani. Ka tsaya a kansa har ya gama, ni shiga ciki ɗaya na yi. In ka ji ƙaurin roba ko ka ga baƙi a jikin soket, sauke babban makunni ma gaba ɗaya.

Bayan an gyara, a gabansa ka danna T ɗin nan da hannunka, dole ta faɗi nan take. Da na san wannan a ranar, da na kama mutumin tun bai bar ƙofar gida ba. Ni yanzu duk wata uku nake dannawa, 'yar tawa ce ma ke tuna min.

Kafin nan a hana yara taɓa famfon ruwan zafi da jikin firij. Ka gwada sauke ƙananan ka dawo ka faɗa mana ko ta tsaya, kuma ka faɗa mana ko akwai hita a gidan. Allah ya tsare ka da iyalinka.