Amsa ga Amaryarmu: Kafin Ki Ci Bashin Kayan Ɗaki, Leƙa Shagon Tela

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure namu, barkanmu da yamma. Ku yi haƙuri zan ɗan ja muryar nan, hannuna duk ƙullun ɗanwake ne, ba halin rubutu.

Amaryarmu, na ji saƙonki tun da safe, sau biyu ma na saurare shi. Kin ce kun tare a ciki da falo, gado da kujeru dai iyaye sun yi bakin ƙoƙarinsu, amma falon fayau yake, ko abin goge ƙafa babu, kayan miya duk a ƙulle-ƙullen leda, kuma kina jin nauyin dangin miji su zo su gani. Har kina tunanin karɓar kaya wajen dillaliya ki riƙa biya wata-wata. To ƙanwata, don Allah ki dakata da zancen bashin nan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowane gida yake lissafi, ba ke kaɗai ba ce. Ni na ci irin wannan bashin a farkon aurena, labule da kafet na karɓa, wallahi kafet ɗin ya koɗe ban gama biya ba, ko sallama na ji a ƙofa sai gabana ya faɗi. Ba na so ki ɗanɗana wannan.

Kuma ki cire kunyar nan daga ranki. Mu fa ba yau muka fara ba. Kakata in ƙwarya ta tsage ba ta yarwa, gyartai take jira ya zo ya ɗinke mata. Fitilar aci-balbal da gwangwani ake yin ta. Gugar da muke jan ruwa da ita a rijiya tsohon tub ɗin mota ne. Tukunyar da kike tuwo a ciki ma, da yawa gwangwanayen lemo da tarkacen alminiyam aka narka aka zuba ta. Ba wanda ya taɓa kiran wannan abin kunya.

Ki fara da abin goge ƙafa, shi ne abin da baƙo yake fara takawa, kuma ba zai ci miki ko sisi ba. Ki je wajen telanki, ko ki aiki yaro, ki ce ya tara miki ƙyallaye. In Sallah ta gabato buhu-buhu suke sharewa su zubar, wani ma godiya zai yi miki kin rage masa shara. Sai ki nemi buhu. In kin samu na algarara ya fi, don yana kama ƙasa ba ya zamewa, in ba ki samu ba na shinkafa ma ya yi, amma ki ninka shi biyu. Ki yanke shi kamar kamu ɗaya da rabi a tsawo, kamu ɗaya a faɗi, ki lanƙwasa bakin ki bi shi da basilla ki ɗinke tun kafin ki fara komai. Wannan ɗinkin bakin kada ki tsallake shi, in kin tsallake, kina cikin aiki buhun zai riƙa warwarewa a hannunki.

Ƙyallayen kuma ki yayyanka su faɗin yatsu biyu, tsawon taƙi ɗaya. Ki sa kwarashi, ko basillar ma, ki ɗaga zare biyu ko uku na buhun, ki zura ƙyalle ɗaya, ki ja ya zo daidai tsakiya, ki ƙulle. Shi kenan aikin. Ki yi na kusa da shi, ki matsa su sosai, layi bayan layi, har buhun ya daina ganuwa. Atamfa in an yanka ta a miƙe zarenta yana zuba, to ki yanka ta a karkace. Abin da ya fi komai daɗin aiki shi ne tsofaffin singileti da rigunan yara masu talewa, su ba sa zubar da zare ko kaɗan, kuma suna shan ruwa. Na ƙofar banɗaki da su nake yi, don in mutum ya fito daga alwala ƙafarsa ta bushe nan take. Yadi mai santsi ki bar shi, ba ya shan ruwa, sai ma ya kayar da mutum.

Yauwa, ga inda nake so ki kasa kunne. Abin da ya raba kayan hannu mai kyau da tarkace shi ne zaɓen kala da gyaran ƙarshe. Kada ki kwashi duk abin da tela ya ba ki ki jera. Ki zazzage su a tabarma ki ware, ki dubi kalar kujerunki, ki ɗauki kala biyu, in ta yi yawa uku. Misali ruwan ƙasa a tsakiya, ruwan madara ya zagaye. In kin gama ki ɗauki almakashi ki aske saman ya zama bai ɗaya kamar an yi wa yaro aski. Wanda ya gani ba zai ce a gida aka yi ba. Kuma ba aikin rana ɗaya ba ne, ni mako guda nake yi, bayan isha'i ina sauraren rediyo ina ƙullawa.

Kai, ajiye almakashin nan, ba na hana ka ba? Ku yi haƙuri, autana ne.

To maganar kayan miya. Kwalaben mayonis da na zuma da kike gani maƙwabta suna bai wa 'yan gwangwan, ki roƙa a ajiye miki. Ki jiƙa su a ruwan ɗumi takardar ta fita, sauran gam ɗin da ya maƙale ki shafa masa man gyaɗa ki bar shi ɗan lokaci, ki goge, sannan ki wanke da sabulu. Ki kife su a rana su bushe ƙayau, don in da ɗigon ruwa a ciki kukarki za ta yi dunƙule ta yi fumfuna. Kuka, busasshiyar kuɓewa, citta, kanumfari, masoro, kimba, kowanne da kwalbarsa. In kin jera su a kanta, ki yanka atamfa iri ɗaya ki rufe murafen ki ɗaure da zare, kicin ɗin sai ya canza kama. Gwangwanin madarar gari ma yana ɗaukar wake ko gyaɗa, amma gishiri kada ya shiga gwangwani, tsatsa zai ja.

Kwalin taliya kuwa shi nake mayarwa akwatin ajiya. Ki samu biyu masu girma ɗaya, ki farke ɗaya ki liƙa a cikin ɗayan ya yi ƙwari. Atamfar da za ki lulluɓe shi da ita ki goge ta da dutsen guga tukuna, sannan ki shafa farin gam irin na kafintoci, Top Bond ko makamancinsa, ki ɗan sirka shi da ruwa, ki ɗora yadin kina shafawa da tafin hannu kada ya tattare. Wasu da sitaci ko ƙullun fulawa suke liƙawa don sauƙi, ni ban ba ki wannan shawarar ba, kyankyasai kike kira wa walima. A ciki nake zuba hijabai da safa da hulunan Abbansu, in jefa busasshen ganyen darbejiya. Da damina ki ɗora shi a kan wardirof, kada ya zauna a siminti, sanyi zai lalata shi.

Maman 'yan biyu ta nan zauren ta sa baki ta tambayi kujerar tayar da ta gani a falona. Tayar adaidaita sahu ce, wajen mai faci na karɓo, ita ce daidai don ba ta cika girma ba. Ki shafa ta da hannu a hankali ki tabbatar ba wayar da ta leƙo. A wanke ta da omo ciki da waje, ta kwana biyu a rana warin ya ragu. Kafinta ya yanka miki filawud zagaye guda biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya ɗaure su da kusa mai juyi. Saman ki ɗora soson tsohuwar katifa ki lulluɓe da yadi. Jikin kuma ni igiyar rama na naɗa, zagaye bayan zagaye ina sa gam, ta fito da kalar ƙasa mai kyau. Nan ne kaɗai za ki kashe ɗan kuɗi, na kafinta da na igiya. In za ki tara tayoyi a tsakar gida kafin ki samu lokaci, ki sa su inda ruwan sama ba zai shiga ba, ruwan da ya kwanta a taya nan sauro yake hayayyafa.

Akwai wani ƙauye wai shi Yelwa a kusa da Kaduna, a 2011 aka gina gida sukutum da robobin ruwa, aka ɗura musu yashi aka jera su kamar bulo aka ɗaure da ƙasa, dubban robobi. Ranar da na ga hoton na daɗe ina kallo. Tun daga nan ban ƙara raina roba ba. Nawa dai bai kai gini ba, na yanka gefensu na huda gindi na rataya a katanga, na'ana'a da albasa mai lawashi nake shukawa. In kina da ɗan fili ko taku uku ne, buhu ya fi. Ƙasa kashi biyu, yashi ɗaya, ruɓaɓɓen takin awaki ɗaya, ki huda gindin buhun ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ɗanyen kashin kaji kada ki zuba, ƙona shukar yake. Alayyahu wata ɗaya kin fara tsinka. Ruwan da kika wanke shinkafa ma ya isa ban-ruwa, ban da mai omo.

Abu biyu ne zan roƙe ku dukanku, har da iyayenmu na cikin wannan zaure, Hajiya ku gafarce ni. Jarkar maganin feshi, na ciyawa ko na ƙwari, ba a mayar da ita ta ruwa ko ta man gyaɗa, ko sau nawa aka wanke, dafin yana kama jikin robar. Na taɓa gani a gidan wata 'yar uwa an zuba wa yara kunu a ciki za su tafi makaranta, jikina har rawa yake na karɓe. Na biyu, hura gawayi da leda. Na san tana saurin kamawa, amma hayaƙin nan mu da goyonmu muke shaƙa kullum. A tara ɓawon gyaɗa ko totuwar masara ko guntun kwali, duk suna kama wuta.

Amarya, kada ki ɗauki duk wannan ki ce a mako ɗaya za ki yi, za ki gaji ki watsar, gidan ya cika da kwalaye. Abin goge ƙafar kawai ki sa a gaba. Ina da ƙyallaye rabin buhu da suka rage mini, yawanci ruwan ƙasa da ja, da kwarashi guda da ba na amfani da shi. Asabar bayan la'asar ina gida in sha Allah, ki nemi izini ki zo da buhunki, in fara miki layi biyu ki gani da idonki. Ki turo min hoton kujerun naki tukuna in ware miki kalar da za ta shiga. Ruwan ɗanwakena ya tafasa, sai na ji ki.