Ƙarar Jirgi da Gajiyar Aiki: Me Ya Kamata Ka Auna Kafin Ka Shiga?

Tambaya: Ina son shiga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, amma ƙara tana sa ni ciwon kai. In haƙura ne? (Wani matashi daga Funtuwa)

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka haƙura tukuna, amma kada ka biya ko sisi na makaranta sai ka yi gwajin ji. Matuƙin jirgin fasinja sai da takardar lafiya mai daraja ta ɗaya daga likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya (NCAA) ta amince da shi. A ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya (ICAO), kada ko wane kunne ya rasa fiye da desibel 35 (ma'aunin ƙarfin sauti) a amon 500, 1000 da 2000 Hz (ma'aunin kaifin sauti), ko desibel 50 a amon 3000.

Sannan ba kowane aiki ne ke da ƙara iri ɗaya ba. Masu lodin kaya, masu yi wa jirgi jagora zuwa wurin tsayawa da injiniyoyi su ne suka fi shan ta, domin kusa da injin jirgi ƙara na iya haura desibel 120. Iyakar da masana suka tsayar ita ce desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana rage lokacin da rabi. A desibel 100, minti 15 kawai ke gare ka. Ƙwayoyin ji na cikin kunne in sun mutu ba sa dawowa. Alamar farko ta illar ƙara ita ce kunne ya riƙa yi maka tsuwa bayan ka tashi aiki.

Tambaya: Zan fara koyon tuƙi. Game da na'urar kunne (headset) da matuƙa ke sawa, in sayi ta Bose ko ta David Clark ta wadatar?

Amsa: Ga ɗalibi, David Clark H10-13.4 ta wadatar: tana rage ƙara da kusan desibel 23, ba ta cin batir, ga ta da ƙarko. Bose A30 tana kashe gurnanin inji ta hanyar lantarki, ta fi sauƙi a kai, amma ta ninka waccan tsada, kuma in batir ya ƙare kariyarta ta ragu. Mu dai shawararmu, bar ta sai ka fara dogayen tafiye-tafiye.

Abin da ya fi ɓata kariya shi ne rashin mannewa. Hula, ɗankwali ko hannun tabarau mai kauri a ƙarƙashin robar kunne duk suna buɗe wa ƙara ƙofa. Wanda zai yi aiki a gindin jirgi ya haɗa biyu: soson toshe kunne da murfin kunne a sama. Murza soson ya zama siriri, ja kunnen sama da ɗaya hannun, tura shi ciki, riƙe shi daƙiƙa 30 har ya kumbura.

Tambaya: Aikin hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage ya fi sauƙi, tunda babu ƙara? ('Yar'uwa daga Kano)

Amsa: Kunnenki zai huta, ƙwaƙwalwarki ce za ta yi dakon nauyin. Akwai aikin dare, akwai lokacin jigilar alhazai, ga hazon hunturu da ke rage nisan gani a Kano har jirage su taru suna jira. Ki gwada kanki da barci: in dare ɗaya na rashin barci yana sa ki mantuwa da saurin fushi washegari, ki duba sashen tsara tafiyar jirgi ko gyaran na'urorin sadarwa.