Tambayi Malamar Jinya: Tsarin Jinyar da Aka Kwafa Ba na Majinyaciyarki Ba Ne

Assalamu alaikum. Yawancin wasiƙun wannan watan daga ɗaliban makarantun koyon aikin jinya suka fito, da alama jarrabawa ta ƙarato. Na zaɓi huɗu, uku na ɗalibai, ɗaya ta wata baiwar Allah mai jinyar mahaifinta.

TAMBAYA: Malama, barka da aiki. Ina aji biyu a makarantar koyon aikin jinya. An tura mu ɗakin kwanciya na mata, aka ce kowacce ta ɗauki majinyaciya ɗaya ta rubuta mata tsarin jinya. Tawa mai ciwon suga ce. Ƙawayena sun ce kada in wahalar da kaina, akwai na 'yan ajin gaba da mu, in kwafa in canza suna da lambar gado, tunda ciwon suga duk ɗaya ne. Kuma gaskiya ban taɓa ganin wata sista ta buɗe wannan takarda ba. To mene ne amfaninta?
Daga wata ɗaliba, Zariya.

AMSA: 'Yata, mu masu makin takardun nan mun san ana kwafa. Akwai wadda ta yi ta yawo hannu zuwa hannu har ta iso teburina, an rubuta wa dattijuwa mai shekara 70 shawarar tazarar haihuwa.

A wurin likita ciwon suga ɗaya ne, don shi cutar yake nema ya sa mata suna ya rubuta magani. Ke kuma aikinki shi ne ki gano abin da cutar ta yi wa wannan matar da ke kwance a gabanki. Ɗauki mata biyu, gado da gado. Ta farko mai tuyar ƙosai ce, shekararta 45, tana da gyambo a tafin ƙafa wanda ba ta ma san ranar da ta taka abin da ya ji mata ciwon ba, saboda sugan ya kashe mata jin ƙafa, kuma ba takalmi take zagaya tsakar gida. Ta biyu tsohuwa ce, idonta ya yi hazo, ba ta ganin layukan da ke jikin sirinjin insulin, gidansu babu firji, ga shi ta rantse ba za ta sha azumi ba. Fayil ɗinsu suna ɗaya likita ya rubuta. Amma ta farko tana bukatar wankin gyambo, da koyon duba ƙafa kullum, da takalmi mai rufi. Ta biyu tana bukatar a nemo wanda zai riƙa yi mata allura a gida a koya masa, a nuna musu yadda za su ajiye insulin a wuri mai sanyi kusa da randa, kuma su san alamun faɗuwar suga: gumi, rawar jiki, yunwa, ruɗewa. Wace takardar 'yan ajin gaba ce ta san wannan?

Matakan da ake koya muku biyar ne: bincike, gane matsalar jinya, tsarawa, aiwatarwa, sannan auna sakamako. Wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Ida Jean Orlando, tana cikin waɗanda suka fara bayyana wannan hanya a littafinta na 1961, kuma jerin matsalolin da kuke haddacewa na NANDA ne, ƙungiyar da ke tsara sunayen matsalolin jinya, wadda aka kafa a 1982. Kanun nan 11 da kike cikawa a littafin bincike, su abinci, barci, fitsari da bahaya, motsi, addini da sauransu, wata malamar jinya Ba'amurkiya, Marjory Gordon, ce ta tsara su. Duk mutanen nan daga bakin gado suka fara, daga baya aka zo takarda. Ɗalibanmu kuma sun juya abin: sai su buɗe jerin NANDA su zaɓi matsala mai daɗin rubutu, sannan su je su nemo mata majinyaciya.

Ga yadda nake so ki yi. Ki ja kujera ki zauna da matar nan rabin awa, ki bar takarda a aljihu tukuna. Ki duba ta daga kai har ƙafa, ki cire mata safa ki duba tsakanin yatsu. In kin tashi rubuta matsala, ki haɗa abu uku a jimla ɗaya: matsalar, abin da ya jawo ta, da shaidar da idonki ya gani ko kunnenki ya ji. In babu shaida, ki soke ta. Wajen jerawa kuma abin da zai iya kashe ta yau shi ne a sama, wato numfashi da jini, sannan ciwo, sannan ilimantarwa. Na sha ganin an sa "rashin sani game da cuta" a lamba ɗaya ga matar da take haki.

Inda aka fi faɗuwa shi ne gurbin buri. "Majinyaciya za ta samu sauƙi" addu'a ce, kuma muna yi mata, amma ba a auna ta. Ki rubuta abin da za a iya gani: "Kafin ranar sallama, jikarta za ta zuƙi insulin daidai adadin da likita ya rubuta, a gabana, sau 3 a jere ba tare da na gyara mata ba." Gurbin sakamako kuma ki bar shi fari sai kin dawo kin duba. Mai cike shi rana ɗaya da buri, da biro ɗaya, ta tona wa kanta asiri. In burin bai cika ba, ki rubuta bai cika ba, ki faɗi dalili, ki sake tsari. Irin wannan takardar ce nake ba maki mai yawa.

Maganar sistoci kuwa, kin yi gaskiya a wani ɓangare. Inda nas biyu ke riƙe da ɗaki guda cikin dare, rubutu mai tsawo ba ya samuwa, kuma ba na jin daɗin hakan. Amma ki lura da tsohuwar sista in ta karɓi aiki. Kafin ta gama zagaye ta san wadda za ta fara komawa wurinta, da abin da za ta yi mata, da lokacin da za ta sake leƙo ta. Matakan nan biyar ne take yi a kanta. Ke kanki bai saba ba tukuna, shi ya sa ake sa ki rubuta.

TAMBAYA: Malama, ni namiji ne, ina ajin ƙarshe. Matsalata ita ce ɗaukar bayani daga mata. Duk abin da na tambaya sai a ce "da sauƙi", ko uwar miji ta amsa. Wasu ba sa yarda in duba su. Yaya zan yi in cika takardata?
Daga wani ɗalibi, Sakkwato.

AMSA: Ɗana, "da sauƙi" gaisuwa ce, ko mai naƙuda ka tambaya haka za ta ce. Mutanenmu sun tashi da dauriya da kunya, don haka sai ka canza salon tambayar.

Ka fara da sallama da gaisuwa sosai, ka faɗi ko kai wane ne, ka ce ɗalibi ne, ka nemi izini. Ka ja labule. Uwar miji kuma kada ka kore ta da gatse, don ita za ta riƙe jinyar a gida. Ka saurare ta tukuna, sannan ka ce, "Hajiya, a ɗan ba mu wuri za a yi awo." Abin da yarinyar za ta faɗa bayan fitarta yakan bambanta da na farko.

Ma'aunin ciwo na 0 zuwa 10 da ke littafinku ba kowace dattijuwa ce za ta gane shi ba. Tambaye ta: ciwon yana hana ki barci? A tsaye kike sallah ko a zaune? Da kanki kike zagayawa ko sai an riƙe ki? Amsoshin nan sun ba ka ƙarfin ciwon da kuma abin da take iya yi wa kanta. In kana neman ranar al'adarta ta ƙarshe, ka ce yaushe ta yi fashin sallah na ƙarshe, kafin azumi ne ko bayan ƙaramar sallah. Za ta tuna. In ta ce shawara ce ke damunta, ko sanyi, ko basir, kada ka rubuta haka ka wuce, ka tambayi me take gani da me take ji, don mutum uku za su kira abu uku daban da suna ɗaya.

Sannan kada ka ce, "Kin sha maganin gargajiya?" da muryar tuhuma, a'a za ta ce. Ka ce, "Kafin a zo asibiti me aka gwada a gida?" Nan za ka ji jiƙo da sassaƙe, da allurar da aka yi a kemis, da ƙahon da wanzami ya yi. Ka sa a kawo ledar magungunan ka gani da idonka.

Wajen duba jiki, kada ka taɓa mace sai da wata ma'aikaciya a tsaye, don kare mutuncinta da naka. Ka buɗe wurin da za ka duba kaɗai. Akwai abubuwa da yawa da za ka gani ba a cire ko mayafi ba: cikin fatar ido da tafin hannu don ƙarancin jini, farin ido don shawara, harshe don bushewa, kumburin ƙafa. In ta ce ba ta yarda ba, haƙƙinta ne. Ka kira 'yar'uwarka ɗaliba ko sista ta duba, ka rubuta wadda ta duba. Abin da ba ka gani ba kada ka rubuta "lafiya lau" a gurbinsa.

TAMBAYA: Anti, yanzu akwai injin awon jini mai batir da na maƙalawa a yatsa mai auna bugun zuciya da iskar da ke cikin jini. Me ya sa har yanzu ake tilasta mana koyon na hannu da ƙirga da agogo?
Daga wata ɗaliba, Gombe.

AMSA: Na farko dai, a OSCE, wato jarrabawar nuna aiki a aikace ta Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya hannunki za a kalla. Na biyu, batir yana ƙarewa, kuma injin yatsa yana ruɗewa in hannu ya yi sanyi ko an sha baƙin lalle. Injin awon jini ma in ɗaurinsa ya yi wa damtse kaɗan, sai ya ba ki lamba sama da gaskiya.

Amma abin da ya fi damuna shi ne numfashi. Ki buɗe takardun awo a ɗakuna da yawa, za ki ga 20, 20, 20 daga sama har ƙasa, kamar duk majinyatan sun haɗa baki. Ba a ƙirga ba ne. Alhali saurin numfashi yana cikin alamun farko da ke nuna jiki ya fara rikicewa. Babba yana yin 12 zuwa 20 a minti, bugun zuciyarsa 60 zuwa 100. Jariri ƙasa da wata 2, in ya kai 60 ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara 1, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Ki ƙirga minti guda cur, yatsunki a kan jijiyar hannunsa don kada ya gane ya canza numfashin. Kuma ki dubi awon baya. Mai jegon da bugunta ya tashi daga 84 zuwa 98 zuwa 112, ko da awon jininta bai faɗi ba tukuna, ki ɗaga zane ki duba zubar jini, ki taɓa mahaifa, ki kira sista nan take.

TAMBAYA: Hajiya, mahaifinmu yana kwance a asibitin koyarwa, ɓarin jikinsa ya shanye. Kullum sai ɗalibai sun zo suna maimaita tambayoyin da muka riga muka amsa, suna juya shi. Yayyena sun ce gwaji ake yi da shi. Muna da ikon hanawa?
Daga wata mai jinya, Kano.

AMSA: Allah Ya ba Baba lafiya, Ya ba ku ladan jinya. Kuna da iko, kuma hanawar ba za ta sa a rage masa kulawa ba. In ya gaji ko yana barci, ki ce su dawo an jima. In kin ga ɗalibi zai yi allura ko sa robar fitsari babu ma'aikaci a kansa, ki yi wa sistar ɗakin magana.

Sai dai ba gwaji ba ne. Maimaita tambayar ma wani lokaci da gangan ne: in an tambaye shi sunansa da inda yake, ana duba ko hankalinsa yana nan yadda yake jiya. Juyawar kuwa ita ce babbar kariyarsa. Mai irin wannan lalura ana juya shi duk bayan awa 2, in ba haka ba fatar ƙugu da ɗuwawu da diddige ta mutu ta zama gyambo mai wuyar warkewa.

Shawarata, ki kama ɗalibar da aka ba Baba, don ta fi kowa lokaci a ɗakin. Ki gaya mata abin da ba ya cikin fayil: ko yana ƙwarewa in ya sha ruwa, kwana nawa bai yi bahaya ba, da wane hannu yake cin abinci kafin ciwon, waye zai kwana da shi in an koma gida. Ki ce ta koya miki juyi da matashi, da motsa masa gaɓoɓin da suka shanye, da yadda za a zaunar da shi sosai kafin a ba shi koko, a kuma bar shi a zaune kamar rabin awa bayan ya gama. In yana tari ko muryarsa ta canza bayan haɗiya, ku dakata da ba shi komai ta baki sai an duba shi. Ki yi duk waɗannan da hannunki a gabanta tun kafin ranar sallama, kuma ki zo da ɗaya daga cikin yayyen naki ya koya, don juya babban mutum ba aikin mutum ɗaya ba ne.