Kar ka cire dariyar daga labarin fursunonin nan

Yarona na ga saƙonka tun jiya, muna lokeshan ne shiyasa sai yanzu. Ka ce labarin da kake rubutawa na fursunonin yaƙi uku masu shirin guduwa daga sansani, ka zuba barkwanci a ciki, yanzu kuma tsoro ya kama ka kar dariya ta kashe tausayin, wai ko ka cire ta gaba ɗaya. A'a kar ka cire. Na karanta shafukan da ka turo, ciwon ba a dariyar yake ba, mutanenka ne suka san suna bada dariya, kowa ya buɗe baki sai ya saki zance kamar ɗan kama a dandali, toh wa zai ji tsoron a harbe mutumin da shi kanshi bai damu ba?

Ka nemi wani tsohon fim ɗin Faransa na 1959, La Vache et le Prisonnier, wato saniya da fursuna, Henri Verneuil ne darakta, Fernandel ne jarumin. Baƙi da fari ne, sai 1990 aka sa mishi kala, amma kai nemi na asalin. Sojan Faransa ne da Jamusawa suka kama, a 1943 yana aikin gona a wani ƙauyen Jamus, dama haka akayi da su da yawa, a 1940 kaɗai sojan Faransa wajen miliyan 1.8 aka kama, aka rarraba su gonaki da masana'antu. Dabarar da yayi ta guduwa ita ce ya riƙo igiyar saniya a hannu ɗaya bokitin tatsa a ɗayan ya kama hanya da rana tsaka, duk sojan da ya ganshi sai ya ɗauka ai ɗan aikin gona ne aka aika. Kana jin dabarar zaka yi dariya, amma ka duba fuskar Fernandel, ko sau ɗaya bai nuna maka wasa yake ba, shi fa ranshi ya ɗora akan saniyar nan. Kai kana dariya gabanka kuma na faɗuwa, a sin ɗaya.

Kuma ka lura da aikin da saniyar take yi wa marubucin, nan nake so ka tsaya sosai. Sunanta Margarit. Ita ce takardar wucewarshi, ita ce abincinshi tunda yana tatsarta, ita ce kuma abokiyar hira, mutum shi kaɗai a daji ba sai ka sa murya ta bayan fage tana mana bayanin abun da ke zuciyarshi ba, sai kawai ya juya ya gaya wa saniya. Sannan saniya bata sauri, bata san ana yaƙi ba, in taga dama ta tsaya ta tsaya kenan ko da soja na tahowa, kaga abun da ke cetonshi shine kuma yake neman tona mishi asiri. Wallahi ranar da zai rabu da ita, da ya mata alkawarin ya daina cin naman maraƙi, maganar abun dariya ce amma ni duk sanda na kalla sai idona ya kawo ruwa, don mun yi tafiyar nan tare da su. A labarinka ban ga abu ɗaya da mutanenka suka riƙe haka ba, baki kawai suke.

Ƙarshen ma Verneuil bai lallashi kowa ba, mutumin ya iso Faransa, a tashar Lunéville yana gudun 'yan sanda ya faɗa jirgin ƙasa, ashe Jamus jirgin zai koma. Kuma mutane sama da miliyan 8 suka shiga silima suka kalla a Faransa, don haka kar wani furodusa ya ce maka sai an ƙare da biki za'a saya.

In ka gama sai ka ƙara da La Grande Illusion na Jean Renoir, 1937, shi yaƙin duniya na farko ne. Fursunonin Faransa sun daɗe suna haƙa ramin guduwa ta ƙarƙashin ƙasa, ana gab da gamawa aka kwashe su zuwa wani sansanin, jarumin fim ɗin Jean Gabin ya so ya tsegunta wa Baturen Ingila da aka kawo madadinsu, shi kuma baya jin Faransanci. Ba wanda ya saki barkwanci a wurin, halin da suke ciki ne ya kawo dariyar da takaicin tare.

Toh ka koma sin na 4 dana 9, ka goge duk maganar da aka yi don a bada dariya kawai, ka bar wadda mutum zai iya faɗa yana cikin tsoro. Masu gadin ma ka daina maida su wawaye, a bar bindigarsu da harsashi. Wajen editin kuma kar in ji kiɗan nan na 'yan kwamedi a ƙarƙashi. Ka samo musu abun da zasu riƙe, ko jaki ne ko tukunya, ka kawo min ranar Asabar mu zauna akai.