Bashin NELFUND, yaushe ake fara biya kuma akwai ruwa a ciki?

Ɗan'uwa ka ce ka kusa gama digiri kana tsoron kar bashin NELFUND (asusun gwamnatin Najeriya mai ba ɗalibai rancen karatu) ya yi ta hauhawa kafin ka samu aiki, to kwantar da hankalinka, babu kuɗin ruwa a ciki ko sisi, abin da aka biya maka na makaranta da dubu 20 ɗin da suke turo maka duk wata shi kaɗai za ka mayar. Kuma ba kana fitowa za a bi ka ba, sai ka gama bautar ƙasa da shekara 2 tukuna.

In ka samu aiki kashi 10 cikin 100 na albashi ake cirewa tun daga wajen mai biyanka, wato in dubu 150 kake ɗauka dubu 15 ce za ta tafi kafin ma alat ya shigo. Mai sana'ar kansa kuma kashi 10 na ribar wata zai rinƙa turawa da hannunsa.

In lokaci ya yi ba aiki, akwai takardar rantsuwa da za ka kai a ɗaga maka ƙafa, amma don Allah kar ka yi ƙarya a ciki, dokar bashin ɗalibai ta 2024 ta tanadi ɗauri kan haka.