Tambayoyin Masu Karatu: Yadda Ake Tsayar da Kowane Wifi a Inda Ake Bukatarsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutoci a ofishin wata ƙungiya a unguwar Plateau, nan Yamai. Gininmu bene ne, muna da akwatunan wifi shida maƙale a rufi: biyu a ƙasa, uku a sama, ɗaya a ɗakin taro. Sunayen wifi uku ne, na ma'aikata, na baƙi da na ofishin kuɗi, kuma duka suna fitowa a ko'ina, har masu shan shayi a bakin ƙofa suna kama na baƙi. Yaya zan ware su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. In dai akwatunan naka suna ƙarƙashin manhajar kula guda ɗaya, aikin bai fi na rabin awa ba. Amma kafin ka taɓa komai, ka san wane akwati ne wane. Manhajar tana da maɓallin da ke sa fitilar akwati ta riƙa ƙyaftawa. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana raɗa musu suna: Ƙasa-Zaure, Sama-Kuɗi, Ɗakin-Taro. Wanda ya tsallake wannan yakan cire wifi daga ofishin shugaba yana zaton ɗakin ajiya ne.

Daga nan sai rukuni. Yadda ake yi ya danganta da kamfanin da ya ƙera akwatunanka. A UniFi kana shiga saitin sunan wifi ɗin ka zaɓi akwatunan da za su watsa shi, ko duka, ko rukuni, ko wasu ƙidayayyu. A Meraki alama ake liƙa wa akwati, sunan ya bi alamar. Omada ta TP-Link ita ce ke rikita mutane, domin akwati rukuni ɗaya yake shiga, saboda haka sai ka sake rubuta wifi na ma'aikata a cikin kowane rukuni, suna iri ɗaya, kalmar sirri iri ɗaya, nau'in tsaro iri ɗaya. Harafi ɗaya ya bambanta, salula za ta ɗauke su wifi biyu ne, kira ya yanke wa mutum a kan matakala.

Ga rabon da muke ganin ya dace da gininku. Na ma'aikata ya kasance a kan duka shidan. Na ofishin kuɗi a kan akwatin da ke kusa da ofishin, amma ka ƙara masa na biyu mafi kusa, don kada akwati ɗaya ya mutu ranar biyan albashi a rasa inda za a kama. Na baƙi kuwa a ɗakin taro da zaure kawai, a kan zangon watsawa na 5 GHz, wanda bai cika ratsa bangon siminti kamar 2.4 GHz ba. Ka rage ƙarfin watsawar akwatin zauren, ka sa iyakar gudu ga kowane baƙo, ka hana na'urorin baƙi ganin juna, ka kuma sa masa lokacin kashe kansa bayan tashi daga aiki. 'Yan shayi za su nemi wani gidan.

Rage sunaye yana da wani amfanin da ba a gani da ido. Kowane suna, akwati yana shelar sa kusan sau goma a daƙiƙa ɗaya, da mafi ƙarancin gudu, ko da babu wanda ke amfani da shi. A 2.4 GHz tashoshi uku ne kacal ba sa hawa kan juna, 1, 6 da 11, don haka akwatuna shida dole biyu-biyu su raba tasha. Yawan shela yana cinye lokacin da ya kamata a aika bayanai. Mu dai ba ma son ganin fiye da suna uku a kan akwati ɗaya.

Abu ɗaya da za mu ja kunnenka a kai: cire suna daga akwati ba kwaɗo ba ne. Wifi na ofishin kuɗi zai ci gaba da tsallaka bango. Abin da ke tsare shi shi ne nau'in tsaro na WPA2 ko WPA3 da doguwar kalmar sirri, da kuma VLAN nasa na kansa, wato keɓaɓɓen layi mai lamba a cikin sadarwar ofis, misali 10 ma'aikata, 20 kuɗi, 30 baƙi, tare da dokar da ta hana 30 isa ga sauran. Ka yi canjin ranar Juma'a da yamma, domin akwatunan sukan sallami kowa na ɗan lokaci kafin su karɓi sabon saiti.

Tambaya: Ina aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Tawa. Mun mayar da wifi na baƙi ɗakin jira. Sunan yana fitowa, kalmar sirri tana shiga, amma babu intanet.

Amsa: Hajiya, laifin ba na iska ba ne, na kebul ne. Duba adireshin da kwamfuta ta samu, wato lambar da ake ba ta idan ta shiga wifi. In ya fara da 169.254, ba ta samu mai ba ta adireshi ba. Suwic shi ne na'urar da kebul-kebul ɗin ginin ke haɗuwa a cikinta, kuma kusan kullum dalilin shi ne kafar suwic ɗin da akwatin ɗakin jira ke jone a kai ba a buɗe mata VLAN na baƙi ba. A buɗe shi a wannan kafa, da kuma kowace kafa da ke tsakanin suwic da suwic har zuwa rawuta, wato na'urar da ke haɗa ku da intanet. In akwai ƙaramin suwic mai arha a tsakani, a cire shi a gwada, wasunsu ba sa wucewa da alamar VLAN.

Tambaya: Akwatinmu ɗaya yakan mutu da azahar a lokacin bazara, ya dawo da kansa da la'asar sakaliya.

Amsa: Muna kyautata zaton a cikin silin yake, ƙarƙashin kwano. Da yawa daga cikin akwatunan ɗaki an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, kuma tsakanin kwano da silin a watan Afrilu ya fi haka nesa ba kusa ba. Ku sauko da shi ya fuskanci ɗaki, ku kaɗe ƙurar hunturu. In bai daina ba, ku auna kebul ɗin, kada ya wuce mita 100, ku kuma duba ko kafar suwic ɗin da ke ba shi wuta ta kebul wat 15.4 take bayarwa alhali akwatin mai bukatar wat 30 ne.